A Ɗan Muskuta Mini: Turancin Neman Wuri a Landan

Ƙanwata tana shirin zana jarrabawar Turanci ta ma'aikatan lafiya, wadda ake kira OET, don tana son ta biyo ni Ingila. Kusan kowane dare sai ta turo mini hoton shafin littafin da take tara sababbin kalmomi a ciki, kuma duk zaɓaɓɓu ne, dogaye, masu gaɓa huɗu zuwa biyar, irin waɗanda in mutum ya saki ɗaya a gidan biki a Zariya za a juyo a dube shi a ce lalle wane ya sha boko. Ban hana ta ba. Hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya rajista a ƙasar nan, NMC, tana neman makin B a karatu da sauraro da magana, da aƙalla C+ a rubutu, kuma dogayen kalmomin suna da ranarsu a takardar rubutun. Abin da nake ta nanata mata shi ne, in ta sauka a filin jirgin sama na Heathrow ta kama aiki, ba da su za ta ci abinci ba.

Turancin da ake rayuwa da shi a garin nan na ƙananan kalmomi ne. Gajeren aikatau, sai a liƙa masa wata 'yar mitsitsiyar kalma a baya, "in" ko "out" ko "up" ko "past", ma'ana ta juye. Su ne malaman Turancinmu na sakandare ke kira "phrasal verbs", su rubuta mana jerinsu a allo ana saura mako biyu WAEC, mu haddace, mu zuba a takarda, mu fito mu manta. Ɗaya daga cikinsu nake so in tsaya a kai yau, don da wuya ranar aiki ta wuce ban ji ta ba ko ban faɗe ta ba: "squeeze in", ita da 'yan ɗakinsu.

Ita "squeeze" ɗin kanta tun a makarantar koyon jinya na san ta. Matsewa ce, matse lemon tsami, matse tsumma. A wurin aiki ma tana bakinmu kullum. In ana zargin mutum ya samu shanyewar ɓarin jiki, mukan miƙa masa yatsu a hannu biyu mu ce ya matse, mu ji ko ƙarfin dama da hagu ya zo daidai. In zan ɗaura wa tsohuwa abin awon jini a dantse, nakan gaya mata zai ɗan matse ta kafin ya saki. Har nan babu wata ƙura. Abin da ba a koya mana ba shi ne, Bature da wannan kalma yake matse jikinsa, da ita yake matse mota, da ita yake matse lokaci, kuma 'yar kalmar da ta biyo baya ce ke nuna inda aka dosa da matsin.

A jirgin ƙasa na koye ta, don can ne ake buƙatarta da gaske. Ina zaune a Leyton, gabashin Landan, layin Central nake hawa in tafi aiki. Wanda bai taɓa shiga ba zai ɗauka jirgi ne mai faɗi da tsawon rufi irin na Abuja zuwa Kaduna. Ina! Layin farko da aka buɗe a 1863, tsakanin Paddington da Farringdon, titi aka tone daga sama aka shimfiɗa dogo sannan aka rufe, shi ya sa jiragen irin waɗannan layuka, su District da Metropolitan, suke da wadatar ciki. Daga 1890 kuwa sai aka koma haƙa rami kewayayye can ƙasa da nisa, faɗinsa kimanin mita 3 da rabi, dole kuma a ƙera jirgi daidai bakin ramin. Layin Central, wanda aka buɗe a 1900, irin wannan ne. Rufin taragonsa a lanƙwashe yake, dogon mutum in ya tsaya bakin ƙofa sai ya sunkuyar da kai kafin ta rufe. Babu na'urar sanyaya wuri. Wajen ƙarfe 8 na safe jirgin yakan iso mana ɗauke da mutanen Epping da sauran garuruwan bayanmu, a Stratford a ƙara lodi, a Mile End a ƙara, kafin a kai Liverpool Street da Bank inda ma'aikatan ofis ke zubewa, ko hannu ba na iya ɗagawa in gyara mayafi.

A bakin ƙofar nan za ka ji ta. Jirgi ya tsaya, ƙofa ta buɗe, babu wanda ya sauka, ga wata mata a dandamali da jakar kwamfuta tana duba agogo. Sai ta dubi ɗan filin da bai fi tafin ƙafa biyu ba ta ce, "Can I squeeze in?" Ba jiran amsa take yi ba, ƙafarta ɗaya ta riga ta shiga. Amma da wannan 'yar magana ta nuna ta ga wurin a cike yake, ta san za ta takura mutane, kuma ita ce za ta ƙanƙance jikinta, ba cewa take a ba ta fili ba. Sai ka ga kowa ya tsuke ciki ya gusa da taƙi ɗaya. Wanda ya kutso bai ce uffan ba shi ma zai shiga, sai dai zai sha harara da tsaki na ciki-ciki har tashar da zai sauka.

In kuma kana can tsakiyar tarago tasharka ta zo, ba "in" za ka ce ba, tunda ba shiga kake nema ba. "Sorry, can I just squeeze past?" Wato a bari ka raɓa ta gefen mutum ka wuce. In taron ne gaba ɗaya za ka ratsa, ko wata 'yar kafa tsakanin keken jariri da ƙarfen riƙewa, sai ta koma "through", ka shiga ta nan ka ɓulla ta can. "Into" kuwa ba ta tsayuwa ita kaɗai, sai an faɗi abin da aka shiga, ko lif ne, ko kujerar baya, ko rigar da aka ɗinka kafin haihuwar fari. Wannan ta ƙarshen a bakin mata na fi jin ta, kuma kullum da dariya. A lura da "just" ɗin nan da ta saƙale a tsakiya. Aikin da "ɗan" ke yi mana a "ɗan matsa" ko "ɗan ba ni hanya" shi take yi, tana rage wa buƙata nauyi. In aka cire ta jimlar ba ta lalace ba, amma ta yi tsauri.

Akwai kuma wahalar kunne, wadda littafi ba ya maganinta. A rubuce kalmomi biyu ne, a baki ɗaya ce, "skwizin", kuma a kan ƙaramar nauyin murya yake sauka. In aka sa "you" a tsakiya sai duka ukun su narke su zama abu guda. Mu kuma harshenmu ba ya fara kalma da baƙaƙe a cunkushe babu wasali a tsakani, shi ya sa "bread" ta zame mana burodi. Haka "squeeze" takan fito mana "sukuwiz". Za a gane ka, ba abin kunya ba ne. Amma in kana jiran ka ji "sukuwiz in" daga bakin ɗan Landan, zai faɗa ya sake faɗa ya wuce abinsa ba ka kama ba.

Inda kalmar ta fi ba ni sha'awa a wurin aiki ne. Ina aiki a ƙaramin asibitin unguwa, irin wanda kowa ke da rajista da shi, nan ake fara zuwa kafin a tura mutum babban asibiti. Ganin likita a irin waɗannan wurare yawanci minti 10 ne kowane mutum, an yanka ranar gunduwa-gunduwa a kwamfuta. Ƙarfe 8 ake buɗe layin waya, kafin a jima guraben ranar sun tafi. Daga nan sai a shiga neman alfarma. Uwa ta bugo, ɗanta ya kwana da zazzaɓi. Mai karɓar baƙi ta dubi kwamfuta, babu gurbi ko ɗaya, sai ta ce, "Let me see if I can squeeze him in." Ta dakatar da wayar ta leƙo ɗakina, ko ɗakin likitan da ke karɓar na gaggawa a ranar: za a iya cusa yaro ɗaya tsakanin mai ƙarfe 11:20 da mai 11:30? Babu wanda za a matse a jiki. Lokaci za a matse, kuma lokacin wani ne, ko shayin da zan sha da hantsi, ko rabin hutun cin abincin likita, ko 'yan mintunan da duk waɗanda ke zaune a ɗakin jira za su ƙara a kan jiransu ba tare da an shawarce su ba. Shi ya sa in aka faɗa maka wannan kalma a waya, godiya ake yi, kuma ba a makara. Wanda aka cusa ya zo a makare, ko kuma ya zauna ya buɗe jerin ciwo biyar da ya tara tun bara, ba za a ce masa komai ba, amma an gane shi.

A nan ne kuma ƙa'idar nahawu guda ɗaya da ta cancanci hadda take. In sunan mutum ne ko na abu, kana da zaɓi, ka sa shi a tsakiya ko a ƙarshe. In wakilin suna ne, "him" ko "her" ko "me" ko "it", dole ya zauna a tsakiya: "squeeze her in". Ba a cewa "squeeze in her". Amma ana cewa "squeeze past her", kuma wannan ba karya ƙa'idar ba ce. A ta farko ita ake cusawa, a ta biyu kai ne ke motsi, ita kuwa tana tsaye a hanyarka. Wanda ya riƙe tambayar nan, wa ake matsewa, ba ya ɓacewa.

Maigidana malamin jami'a ne kafin mu taho, kuma in dai a takarda ne Turancinsa ya fi nawa nesa ba kusa ba. Motarmu ta isa gwajin shekara-shekara da doka ta wajabta wa duk motar da ta kai shekara 3, wanda ake kira MOT, takardar kuma tana ƙarewa a ƙarshen mako. Ya buga wani gareji ya ce yana buƙatar a duba motarsa ranar Alhamis, cikin Turanci tsaf babu inda za a sa jan biro. Aka ce masa a cike suke sai mako mai zuwa. Ya ajiye waya yana mita. Na ce, "Malam, da bakaniken Tudun Wada kake magana, haka za ka ce masa? Ai sai ka gaishe shi, ka tambayi aiki, ka ce ka san hannunsa a cike yake amma don Allah ya duba ko zai ɗan saƙala ka." Ya ce to ai wannan Hausa ce. Na ce su ma suna da tasu. Da rana na buga wani garejin, na ce na san mun zo a ƙurarren lokaci, "any chance you could squeeze us in?" Mutumin ya yi shiru ina jin yana buɗe takardu, can ya ce in za mu kawo ta da sassafe mu bar masa makulli, zai duba ta tsakanin wasu ayyuka biyu. Malam ya dage cewa dama garejin na biyu ba su da aiki sosai. Na bar shi a haka.

Amma abin yana damuna, don na sha ganinsa a mutanenmu. Mu da muke da "don Allah" da "in ba damuwa" da "a taimaka a duba", mu da ba ma shiga magana sai mun gaisa, da mun koma Turanci sai a ji mu kamar masu ba da oda. Ba rashin tarbiyya ba ne. Turancin da aka ba mu na rubuta wasiƙar neman aiki ne da amsa tambayar jarrabawa, an bar mana na roƙon alfarma a can inda aka ɗauko shi. Abin yana da tarihi. Bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, Faransanci ya daɗe shi ne harshen fada da kotu, Latin kuma na coci da ilimi, sai Turanci ya tashi da kalmomi iri biyu: dogaye na aro don ofis da littafi, gajeru na gado don gida da kasuwa. "Accommodate" irin ta farko ce, kuma ita makarantun boko suka kawo mana suka ɗaukaka. Har yau a wurinmu wanda ya ce "accommodate" shi ne ya iya Turanci, wanda ya ce "fit in" kuwa ana ganin ƙaramin sani ne. A nan akasin haka ne. Baƙo ake ganewa da dogayen kalmomi a inda ba wurinsu ba.

Ba mu kaɗai ke fama ba. Samuel Johnson, tun a gabatarwar ƙamus ɗin Turanci da ya wallafa a 1755, ya ambaci wannan gini na aikatau da 'yar kalma a matsayin abin da ya fi ba baƙi wahala a Turanci. A 1985 wasu masana biyu, Dagut da Laufer, sun gwada ɗalibai masu jin Ibrananci suka ga in an ba su zaɓi sukan guje wa irin waɗannan kalmomi su kama doguwa guda ɗaya mai ma'ana iri ɗaya. Da aka gwada 'yan Suwidin daga baya, waɗanda harshensu yake da irin wannan gini, ba a ga wannan gudun ba. Wato kunnen da ya saba da abu a gida ba ya tsoronsa a waje.

To mu fa? A ganina bai kamata abin ya zame mana baƙo haka ba, sai dai ba a taɓa nuna mana ta inda za mu kama shi ba. Ɗauki "matsa". Ka ce wa yaro matsa, ya gusa can. Ka ce matso, ya gusa nan wajenka. Matse shi, ka riƙe shi gam. Matsar da shi, ka kawar da shi. Na matsu, abu ya kai mini iya wuya. Haka shiga da shigo da shige, haka fita da fito da fice. Babu Bahaushen da aka zaunar aka ba shi jerin waɗannan ya haddace, kuma babu wanda ke rikita su. Wani Bature mai suna F. W. Parsons, wanda ya koyar da Hausa a SOAS, makarantar nazarin Asiya da Afirka da ke nan Landan, shi ya tsara su aji bakwai a 1960, tsarin da ɗaliban Hausa ke karantawa a jami'o'inmu har yau. Mu a wutsiyar aikatau muke ajiye alƙibla, su kuma sun ware ta sun mai da ita kalma mai zaman kanta. Ba sa faɗuwa daidai ɗaya bisa ɗaya, don "o" ɗinmu mai jawo abu wajen mai magana ba ta da takwara a cikin 'yan kalmomin nasu. Amma ɗabi'ar ɗaya ce: aikatau ya faɗi abin da ake yi, ɗan ƙarin ya faɗi ina aka nufa. Da malaminmu na aji huɗu ya rubuta matsa, matso, matse a gefe ɗaya na allo, ya rubuta "in", "past", "through" a ɗaya gefen, da ya hutar da mu hadda mai yawa.

Ba kuma wai ba mu san matsi ba. Duk wanda ya taɓa hawa motar haya daga Kwangila zuwa Kano, mutum 4 a baya 2 a gaba, ya san yadda ake yi: wannan ya zamo gaba, wancan ya jingina baya, ɗan kamasho ya leƙo ta taga yana cewa, "Hajiya, a ɗan muskuta, saura mutum ɗaya mu tashi." Bambancin shi ne mu da hira muke cinye matsin. Kafin a kai Tashar Yari an san inda kowa za shi, an miƙa wa baƙuwa jariri ta riƙe a cinya, an yi wa mai ƙiba tsiya ya rama. A jirgin Landan kafaɗarka tana cikin haƙarƙarin mutum amma ba ka kallon idonsa, ba ka yi masa magana, kowa ya kafe waya ko taswirar layi da ke sama. Tunda babu hira, waɗannan 'yan kalmomi uku ko huɗu su ne gaisuwar, su ne ban haƙurin, su ne neman izinin. Shi ya sa rashinsu ke yi musu zafi fiye da yadda za mu zata.

Ga mace Musulma akwai ƙarin lissafi. A tasha a gida ɗan kamasho yakan yi ƙoƙarin haɗa mata wuri ɗaya, a nan kuwa babu taragon mata. Ni dabarata in nemi jikin gilashin da ke gefen ƙofa in ba shi baya, in rungume jakata a gaba. In na ga cikar ta wuce misali sai in bar jirgin ya tafi, tunda a lokacin cunkoso 'yan mintuna ne tsakanin wannan da na bayansa. Tun da aka buɗe layin Elizabeth a 2022, mai manyan taragu da sanyi, nakan sauka a Stratford in koma cikinsa in hanyata ta ba da dama. Kuma na koyi cewa "no, you go ahead" ga mai neman ya cusa ni a inda ban so, cikin fara'a, ba tare da dogon bayani ba.

Wuri ɗaya na sani a garin nan da ake matsuwa babu "sorry". Babban masallacin gabashin Landan da ke Whitechapel, a ɓangaren mata na ginin Maryam da aka buɗe a 2013, daren tarawihi. 'Yan Bangaladash, 'yan Somaliya, mu 'yan Afirka ta Yamma, sai wata mai kula da sahu ta bi tana cewa "squeeze up, sisters", a matsa a cike gurbi. Wannan "up" ɗin na mutanen da suka riga suka samu wuri ne, su haɗe don na baya ya samu.

Na gargaɗi ƙanwata da abu ɗaya: kada ta ɗauki kalmar ta kai ta inda ba a gayyace ta ba. A wasiƙar tura majiyyaci zuwa wani likita, wadda yawanci ita ce aikin rubutun jarrabawarsu, ba a cewa a cusa wane. Ana neman a gan shi da gaggawa, da dogayen kalmomin nan nata. Haka a fayil ɗin majiyyaci. A ɓangaren magana kuwa, inda za a zaunar da ita ta yi kamar tana lallashin majiyyaci ko ɗan uwansa, nan gajerun ke sa a ji mutum ne ke magana. Na ce ta daina rubuta ma'ana a gaban kowace kalma, ta riƙa rubuta wanda ya faɗa, da wanda aka faɗa wa, da wurin.

Yarana su ba ruwansu da duk wannan, a filin wasan makaranta suka tsinci nasu. Babban in ya zo zama a kujerar falo sai ya ce wa ƙaninsa "budge up", wato muskuta. Ƙaramin, da yake YouTube ya fi rinjayarsa, "scoot over" yake cewa irin na Amurka. Duka biyun na tsakanin tsara ne. Da surukata ta zo mana ziyara, tana zaune tana jan carbi, sai na ji babban ya tunkare ta da "budge up" ɗinsa. Na daka masa tsawa daga kicin. Ita ba ta ji abin da ya ce ba, ta dai ga ya tsaya turus, ta ce, "Me ya yi kuma, 'yar nan? Bar mini mijina ya zauna." Na ce, "Hajiya, ba komai, wuri yake nema." Daga baya na zaunar da shi na gaya masa, ko da Turanci ko da Hausa, ba a ce wa kaka ta muskuta, ƙasa ake zama.

Akwai "cram" ma, wadda mu a Najeriya muka fi sani da haddar dole ana gobe jarrabawa. Asalinta cusa abu da ƙarfi ne har wuri ya cika ya batse, mutane a bas ko kaya a akwati, kuma babu ladabi a cikinta, ƙorafi ake yi da ita. Ba wanda zai tsaya bakin ƙofar jirgi ya nemi izini da ita. "Fit" kuwa ba ruwanta da ƙoƙari, awo kawai take faɗa: ya shiga ko bai shiga ba.

Bambancin "fit" da "squeeze" a kan firiza na gan shi ƙarara. Gidajen unguwarmu irin tsofaffin nan ne masu jere manne da juna, zaure siriri, ƙofofin ciki yawanci faɗinsu santimita 76. Na sayi babbar firiza mai buɗewa ta sama, don in riƙa sayen rago guda a wurin mahauci in ajiye, da kuɓewa da attarugu in sun yi araha. Masu kawo kaya su biyu suka shigo da ita zaure suka tsaya a ƙofar kicin. Ƙaramin ya duba ya girgiza kai ya ce "it won't fit", wato magana ta ƙare, a mayar. Babban ya ciro abin awo ya gwada ƙofar, ya gwada firizar, ya ja iska ta haƙora ya ce "it's a tight squeeze", amma in aka cire ƙyauren daga maƙalansa aka kwance marfin firizar, za su iya ratsawa da ita. Na kawo musu shayi. Suka cire ƙyauren, suka kwanta da ita a gefe, ɗaya yana ja ɗaya yana turawa, ta wuce ta ɗan kankare fenti a jikin dogarin ƙofar. Da suka mayar da ƙyauren bai koma daidai ba, sai an ɗaga shi kaɗan yake rufuwa. Malam ya ce a bar masa zai gyara ranar Asabar, bai dai faɗi wace Asabar ba.